Ciwon Sukari a Bakin Mai Tafinta

Duk ɗalibin da ke nazarin Hausa a wannan ɓangare na ƙasar nan, ko ba daɗe ko ba jima za a kira shi ya yi tafinta. Ba lallai sai a gidan rediyo ko a kotu ba. Sau da yawa a bakin asibiti ne: ga dattijo daga Sabo ta Ibadan ko daga Agege, ba ya jin Turanci, Yarabancinsa kuma na ciniki ne kawai, ga ma'aikaciyar jinya da ba ta jin Hausa, sai a waiga a ce ai ga ɗan jami'a mai karanta Hausa. Daga wannan lokaci, abin da dattijon zai ci da lokacin da zai haɗiyi ƙwayarsa sun rataya a wuyan ɗalibi.

Na zaɓi ciwon sukari ne saboda yana cikin cututtukan da rabin maganinsu magana ce. Mai karaya, da zarar an ɗaure masa ƙashi, aiki ya yi nisa ko bai fahimci kome ba. Mai ciwon sukari kuwa yakan ga likita na 'yan mintoci, sauran watanni shi ne likitan kansa a gida, da abin da ya ji da kunnensa. Wannan maƙala ba ta tsaya a madadin likita ba. Manufarta mu fahimci ciwon daidai gwargwado, mu kuma lura da wuraren da kalma kan yi wa mai fassara tuntuɓe.

Sunan ciwon

Hausa tana da sunaye biyu, ciwon sukari da ciwon suga, kuma dukkansu na aro ne. "Sukari" daga Larabci ta zo, "suga" daga Turanci. A rubuce da kuma labaran rediyo an fi jin ta farko, a bakin mutanen birni kuwa ta biyu ta fi yawa, har akan ce "yana da suga" ko "sugansa ya hau", kamar dai yadda ake cewa "jininsa ya hau".

A harshena na gida, wato Yarabanci, ana cewa ìtọ̀ ṣúgà, ma'ana fitsarin suga. Akwai kuma àtọ̀gbẹ, wadda ke nuni da yin fitsari har jiki ya ƙafe. Sunan da likitoci ke rubutawa, diabetes mellitus, haɗin gambiza ne. Kalmar farko ta Girkanci ce mai ma'anar zarcewa, domin ruwan da mai ciwon ya sha kamar wucewa kawai yake yi ta cikinsa. Ta biyu ta Latin ce mai nuni da zuma, kuma ana danganta ƙarinta da wani likitan Ingila na ƙarni na 17, Thomas Willis, wanda ya lura cewa fitsarin masu ciwon yana da zaƙi. Tun kafinsa da daɗewa masu maganin ƙasar Indiya suna kiran ciwon madhumeha, wato fitsarin zuma, saboda sun ga kiyashi na taruwa inda mai ciwon ya yi fitsari.

Abin da ya ja hankalina shi ne, waɗancan sunaye duk fitsari suka duba, wato abin da ke fita. Sunan Hausa kuwa sukari kaɗai ya ambata, shi ya sa tunanin mai saurare kan tafi kai tsaye ga sukarin kanti. Sai ka ji wanda aka gaya wa yana da ciwon ya ce, "Ni da ko a shayi ba na sa suga?" Gaskiyarsa ya faɗa, amma ba wannan sukarin ake nufi ba.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Tuwo, shinkafa, burodi, doya, rogo, masa, fura, duk da cewa wasunsu ba su da zaƙi a baki, idan sun narke a ciki sai su koma wani irin sukari da ake kira gulukos. Shi ne ke shiga jini, jini kuma ya raba shi ga sassan jiki su yi aiki da shi. To amma gulukos ba ya shiga yawancin ƙwayoyin jiki, musamman na tsoka da na kitse, sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin.

Idan ina bayyana wa wanda ya san kasuwa, nakan kwatanta insulin da dillali. Kaya sun sauka, masu saye suna nan da buƙatarsu, amma ciniki ba ya faɗawa sai dillali ya shiga tsakani. In babu shi, kaya su yi ta taruwa a fili, masu saye su koma gida hannu rabbana. Haka mai ciwon sukari yake: jininsa cike da abinci, jikinsa kuwa yana jin yunwa.

Gaɓar da ke samar da insulin tana kwance a bayan tumbi, tsawonta kimanin santimita 15, likitoci na kiranta fankiriyas. A nan ne tuntuɓe na farko yake. Na sha ganin an fassara ta da "saifa" a rubuce-rubucen Hausa, alhali saifa wata gaɓa ce daban, tana ƙarƙashin haƙarƙari ta hagu, ita ce wadda kan kumbura wa yaran da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa yawa. Ba matsarmama ba ce kuma, wadda ke manne da hanta. Idan ka ce wa uwa saifar ɗanta ce ta lalace, ka tura ta neman maganin wani ciwo daban. A ganina gara a ari kalmar likita a faɗi inda gaɓar take, da a ɗauki kalmar gida mai daɗin ji a ɗora ta inda ba wurinta ba.

Wanda ya gane wannan ba ya bukatar haddace alamomin ciwon, domin kowace tana jawo 'yar uwarta. Idan sukari ya yi yawa a jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi duka, sai ya tsiyaya cikin fitsari. Sukarin kuma yana jan ruwa, sai fitsari ya yawaita, mutum ya yi ta tashi cikin dare. Ruwan da ya fita shi ke kawo ƙishirwar da ba ta jin ruwa. Da yake jiki bai samu abincinsa ba, sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa, mutum yana ci yana ramewa, ga kasala. Daga nan sai gani dishi-dishi, da maruru, da ƙaiƙayin gaba, da raunin da ya ƙi warkewa. Sai dai mutane da dama kan yi shekaru da ciwon ba su ji kome ba, kuma wannan shi ne mugun halinsa.

Ire-irensa

Nau'i na ɗaya shi ne wanda babu dillali sam a kasuwa. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. Ya fi kama yara da matasa, yakan zo da gaggawa cikin makonni, kuma ba shan alewa ke kawo shi ba, don haka ɗora wa uwa laifi zalunci ne. Mai irin wannan ba ya rayuwa sai da allurar insulin kullum. Kafin shekarar 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da shi bai cika daɗewa ba. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya kuwa farfaɗo. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, wadda aka fara tunawa da ita a 1991.

Akwai hatsarin da ya kamata mai tafinta ya sani game da wannan nau'i. Yaron da ya yi kwanaki yana yawan fitsari da shan ruwa, sannan ya fara amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, yana iya kasancewa cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. A ƙasarmu abin da ake fara zato shi ne maleriya ko taifot. Idan uwa ta ambaci fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa, kada ka tsallake wannan jimla don ganin ba ta da muhimmanci ko don kunya. Wataƙila ita ce za ta sa likita ya auna sukari.

Nau'i na biyu shi ne na mafi yawan mutane, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. A nan dillali yana nan, amma masu saye sun daina sauraronsa. Fankiriyas ta yi ta ƙaro insulin har ta gaji. Gado yana da hannu a ciki, haka ma ƙiba, musamman teɓa, da yawan zama, da shekaru. Amma ramamme ma yana kamuwa, kada a ce ciwon masu kuɗi ne.

Na uku shi ne wanda kan bayyana lokacin juna biyu, ana kuma auna shi galibi tsakanin mako na 24 da na 28. Yakan sa jariri ya yi girma fiye da kima, har ya wuce kilo 4, haihuwa ta yi wuya. Yawanci yana tafiya bayan an haihu, amma yana barin uwa cikin hatsarin kamuwa da nau'i na biyu nan gaba. A nan akwai wata kalma da ta daɗe a al'adar Hausawa, wato "zaƙi". Tsofaffi mata kan ba mai ciki "maganin zaƙi" idan haihuwa ta matso, bisa imanin cewa zaƙi na taruwa a jikinta ya hana naƙuda sauƙi. Na fara jin wannan ne a bakin matan gidan da na zauna lokacin da aka kai mu Kano don sabawa da harshe a cikin masu shi. Zaƙin da suke nufi da sukarin da likita ke aunawa ba abu ɗaya ba ne. Idan ka fassara maganar likita da cewa "zaƙi ya yi miki yawa", matar za ta gyaɗa kai, ta koma gida ta sha jiƙon da ta sani, ta ɗauka ta bi umarni.

Dangane da yawan masu ciwon, ƙungiyar masu yaƙi da shi ta duniya, IDF, ta ƙiyasta manya miliyan 537 a 2021, adadin ya kai miliyan 589 a ƙiyasinta na 2024. A ƙiyasin 2021 ɗin, Nijeriya na da kimanin miliyan 3.6, kuma fiye da rabin masu ciwon a nahiyar Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Awo, da kalmar "azumi"

Ba a gane ciwon sukari da kallon fuska ko da taruwar kiyashi, sai da awon jini. Wanda aka fi yi shi ne na safe kafin a ci kome, bayan aƙalla awa 8 ba abinci. Idan ya nuna 126 ko sama da haka, aka kuma maimaita wata rana ya sake nunawa, to ciwon ya tabbata. Idan an auna a kowane lokaci ya kai 200 ga kuma alamomi, shi ma haka. Waɗannan lambobi na ma'aunin da ake rubutawa mg/dL ne. Akwai wani ma'auni, mmol/L, wanda a cikinsa 126 ke komawa 7, 200 kuma ta koma 11.1. Ana ninka ƙaramar lamba sau 18 a samu babbar. Wajibi ne mai tafinta ya dubi haruffan da ke jikin takarda ko na'ura, domin wanda awonsa ya nuna 20 a ƙaramin ma'auni yana da 360 ne a babba, ba abin yi masa barka ba ne.

Akwai kuma awon da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, saboda sukari na manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan rayu kimanin kwana 120. Daga 6.5 cikin 100 zuwa sama alamar ciwon ce. Wannan awo ba a yi masa wayo da ƙin cin abinci jajibirin zuwa asibiti. Sai dai ga mai sikila ko mai ƙarancin jini yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba, don haka a sanar da likita.

Yanzu ga babban tuntuɓen. Kalmar da ma'aikatan asibiti ke amfani da ita wajen awon safe ita ce dai wadda Turanci ke amfani da ita ga azumi. Ɗalibi mai sauri sai ya ce, "Baba, gobe za ku zo da azumi." To mene ne azumi a kunnen Bahaushe Musulmi? A tashi da asuba a yi sahur, a ci a ƙoshi, sannan a kame baki har da ruwa. Abin da likita ke so kuwa akasin haka ne: kada a ci kome tun dare, amma ana iya shan zallan ruwa. Dattijon da ya yi sahur da tuwo da ƙarfe biyar, aka auna shi da ƙarfe takwas, awonsa ya ɓaci, kuma ana iya ƙara masa magani a kan lambar da ba ta gaskiya ba. Abin da ya dace a faɗa ya fi tsawo, amma shi ne daidai: "Baba, daga abincin dare kada ku ƙara cin kome, ko koko ko shayi ko goro, sai ruwa kawai, har a ɗebi jininku da safe."

Warkewa, sauƙi, da lallaɓawa

Tambayar farko da mara lafiya kan yi ita ce, "Ana warkewa?" Hausa tana da "warkewa", tana da "samun sauƙi", kuma a gaisuwar mara lafiya kusan abu ɗaya suke nufi. Wanda ya ce "na samu sauƙi" yana ganin lokacin ajiye magani ya yi. Ciwon sukari kuwa sauƙinsa yana tare da maganin, ranar da aka ajiye shi sukari ya sake hawa, sau da yawa ba tare da an ji a jiki ba. Kalmar da na ga ta fi dacewa ita ce "lallaɓawa", kamar yadda ake lallaɓa tsohuwar mota ta yi shekaru tana aiki. Gaskiya ne wani bincike da aka yi a Birtaniya, wanda aka buga a 2017, ya nuna cewa kusan rabin masu nau'i na biyu da aka sa su rage nauyi sosai sukarinsu ya daidaita ba tare da ƙwaya ba bayan shekara guda. Amma ko su likitoci ba sa cewa sun warke, cewa suke ciwon ya lafa, domin yana iya dawowa idan nauyin ya dawo. "Lafawa" kalma ce mai kyau, mu riƙe ta.

Batun abinci ne ya fi tara jita-jita. Na ji an ce mai suga ba ya cin kome sai wake da acha da ɗanyar agada, har mutum ya tsani rayuwarsa. Na ji kuma an ce tuwon alkama ba ya hawar da suga, a ci iya ciki. Duka biyun ba haka ba ne. Alkama ma hatsi ce, gulukos take komawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan abin da aka ci, da abin da aka haɗa shi da shi. Hanya mai sauƙin faɗa ita ce a raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, irin su zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa da yalo, kwata guda wake ko kifi ko nama ko ƙwai, sauran kwatan tuwo ko shinkafa ko doya. Wato malmala ɗaya madaidaiciya da miya mai yawa, maimakon malmala uku da miya ta shafa. Hatsin da ba a surfe shi tas ba ya fi jinkirin narkewa, don haka ya fi.

Abin sha shi ne ɓarawon da ba a gani. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya yakan ɗauki sukarin da ya kai giram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ko mai lafiya kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen cokalin shayi 12. Saboda irin wannan ne gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Zoɓo da kunun aya da fura da shayin mai shayi, idan an zuba musu sukari yadda aka saba, ba su da maraba da lemon. Zuma da mazarƙwaila da rake kuwa, duk da cewa na gida ne, sukari ne su ma.

Akwai wani tunani da harshe da kansa ke ƙarfafawa, cewa tunda ciwon na zaƙi ne, ɗaci ne maganinsa. Shi ya sa ake shan ruwan shuwaka da darbejiya da maɗaci. Mu ma a ƙasar Yarabawa haka abin yake da ewúro, wato shuwakar. Miyar shuwaka abinci ce mai kyau, amma ɗaci a harshe ba ya goge sukari a jini, kuma babu jiƙon da ke maye gurbin insulin ga yaro mai nau'i na ɗaya. Idan mara lafiya ya ce yana shan wani jiƙo, a gaya wa likita, kada mai tafinta ya rufa masa asiri don gudun faɗa.

Motsa jiki kuwa, abin da ake so shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002 ya gano cewa waɗanda ke gab da kamuwa, da suka rage nauyi kaɗan suka kuma riƙa motsa jiki, hatsarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da abin da ƙwaya ta yi.

Ƙwayar da aka fi farawa da ita ga nau'i na biyu ita ce metformin, wadda ke rage sukarin da hanta ke zubowa cikin jini, ana kuma shanta tare da abinci don kada ta dami ciki. Akwai irin su glibenclamide da ke matsa wa fankiriyas ta ƙaro insulin, su kuma suna iya faɗar da sukari fiye da kima idan an sha ba a ci abinci ba. Insulin kuwa allura ce, domin in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar nama. Mutane na tsoronsa, suna cewa wanda aka fara yi wa allura ƙarshensa ya zo. Abin da ke faruwa shi ne ana jinkirta shi har sai ciwon ya yi ɓarna, sannan a ɗora wa allurar laifi. Insulin ba ya son zafi, ba ya kuma son ƙanƙara. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji, tsakanin digiri 2 da 8, wanda aka fara amfani da shi kuwa yakan yi kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi. Inda wuta ba ta tsayawa, ana sa shi a tukunyar ƙasa da aka zura cikin wata babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. Wannan dabara ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a kanta a shekarar 2000.

Jijiya da ƙafa

Sukarin da ya daɗe a sama yana lalata hanyoyin jini a hankali. A ido yakan kai ga makanta, a ƙoda ga wankin ƙoda, a zuciya da ƙwaƙwalwa ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, musamman in ya haɗu da hawan jini da shan taba. Shi ya sa ake so a duba ido da ƙoda sau ɗaya a shekara ko da lafiya lau ake ji.

Kalmar "jijiya" a Hausa tana ɗauke da kaya uku: hanyar jini, da zaren da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, da kuma igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi. Idan likita ya ce ciwon ya taɓa ta biyun, ka ce "jijiyoyinka sun taɓu", mai saurare zai nemi man zafi ko mai tausa. Sai an warware masa: ƙafarka ta fara daina jin zafi. Wanda ƙafarsa ba ta ji yana iya taka ƙusa ya yini bai sani ba, ko ya miƙa ta kusa da garwashi da hunturu ta ƙone, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Saboda haka ake ce masa ya duba tafin ƙafarsa kowace rana, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala ko wanka, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya bar yawo ba takalmi, ya kuma yi hattara da askar masu yankan farce.

Idan sukari ya faɗi

An fi maganar hawan sukari, amma faɗuwarsa ta fi saurin kisa. Tana samun mai allurar insulin ko mai shan irin waɗancan ƙwayoyi idan ya tsallake abinci ko ya yi aikin ƙarfi. Awo zai nuna ƙasa da 70. Sai rawar jiki, da zufa, da faɗuwar gaba, da yunwa mai tsanani, daga nan sai sambatu ko fushi ba dalili, har a zaci iska ce ko maye. Maganin a nan shi ne abin da aka hana shi kullum: kimanin giram 15 na sukari, wato cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba. A jira minti 15 a sake aunawa, in bai tashi ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Wannan sai an faɗa wa iyalin gida da kyau, domin matar da aka yi shekara ana gargaɗinta kada ta ba mijinta suga ba za ta yarda ta ba shi a wannan hali ba sai in an riga an gaya mata. Idan ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Wannan ne kuma ya sa watan Ramadan ke bukatar shiri. Masu nau'i na biyu da dama suna azumi lafiya, bayan likita ya sauya musu lokaci da yawan magani, shi ya sa ake so a je a gan shi tun mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama. Mai nau'i na ɗaya, da mai juna biyu, da wanda ƙodarsa ta taɓu, suna cikin waɗanda aka fi jin wa tsoro. Ƙa'idar da IDF ta fitar tare da likitoci masu nazarin ciwon sukari da azumi ita ce a karya azumi nan take idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Dattijo zai iya juyowa ya tambaye ka, "To kai yaro, me ka gani, in yi ko in bari?" Wannan tambaya ba taka ba ce. Ka mayar da ita ga likita kamar yadda aka yi ta, ka dawo da amsarsa cikakkiya, sannan ka roƙi dattijon ya maimaita maka da bakinsa ƙwayar da zai sha da shan ruwa da wadda zai sha da sahur, kafin ya tashi daga kan bencin.